Surukina Sai-an-ɗaure, Mai Koriyar Waya

Na Allah muke, kuma komai daɗewar zamanmu a nan, wurinSa za mu tattara mu koma.

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran surukina kuma abokin aikina, mai aikin wutar lantarkin nan da magina da kafintoci suka fi sani da laƙabin Sai-an-ɗaure. Ina kwance a ƙarƙashin wurin wanke kwanuka na wani gida, sifana a hannu, wayata ta yi ƙara. Ƙanwata Auta ce, matarsa. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Yaya, abokin faɗanka ya tafi." Na daɗe a kwance ina kallon bututun da ke saman fuskata. Daga baya na ƙarasa ɗaure mahaɗin da na kwance, na buɗe wa mutanen gidan ruwansu, sannan na kama hanya. Na san da zai iya magana a lokacin, abin da zai ce ke nan: kada ka bar wa mutane gida ba ruwa saboda ni.

Ni mai aikin famfo ne, hannuna ya fi sabawa da zarto a kan alƙalami. Amma shekara talatin da ɗoriya muka yi muna shiga gini ɗaya muna fita, kai da wayarka, ni da bututuna, kuma ba zan iya barin ƙasa ta rufe ka ban faɗi abin da na sani a kanka ba. Saboda haka yau ka yi haƙuri ka saurara. A rayuwa kai ne mai dogon bayani, ni ne mai gyaɗa kai.

Da faɗa muka fara. Wani bene ne ake ginawa, ni kuma a lokacin jinina na tafasa, ina ganin babu mai hannuna a harkar famfo. Na gama jera bututun ƙarfe tun daga inda ruwa ke shigowa har bandakunan sama, na bi su da fenti ruwan azurfa, suna ta ƙyalli. Washegari na iso na tarar da wani dogon mutum a tsugune kusa da mitar ruwa, ya sa sanfefa yana kankare mini fentin da ko gama bushewa bai yi ba.

Na ce, "Kai malam, wa ya aike ka?"

Ko ɗagowa ba ka yi ba. Ka ce, "Fentinka ya yi kyau, amma wuta ba ta san kyau ba. Sai ƙarfe ya taɓa ƙarfe."

Ka ci gaba da kankara har farin ƙarfe ya fito, ka ɗauko maɗauri ka zagaya bututun da shi, ka matse da sukudireba, ka saƙala wata kakkaurar waya koriya mai ratsin rawaya, ka ja ta har akwatin da ake rarraba wutar gidan. Na tsaya a kanka ina ta zuba, ban bar kalma ba. Da ka gama sai ka miƙe, ka kakkaɓe gwiwa, ka tambaye ni ko na sha shayi.

A kan bencin mai shayin ne ka yi mini karatun da na ji ka maimaita wa mutane ba adadi bayan nan. Ka ce ni mai ruwa ne, don haka ba sai ka wahala wajen yi mini bayani ba. Ruwa gangare yake nema, wuta ma haka. Idan waya ta goge a cikin hitar ruwan zafi ko injin jan ruwa ta taɓa ƙarfe, to duk bututun gidan ya zama tudu, mutumin da ke tsaye a jiƙaƙƙen siminti ba takalmi kuwa shi ne gangaren. Da ya kama kan famfo, ta jikinsa za ta bi. Amma idan an ɗaure bututun ruwa da na gas da duk wani babban ƙarfen gidan da juna, aka haɗa su da wayar ƙasa, to babu tudu babu gangare a tsakaninsu, wutar kuma ta samu babbar hanya ta gudu ƙasa, fiyus ya ƙone, kowa ya huta. Ka ƙare da cewa, "Fiyus ana sayar da shi a kanti. Mutum fa?" Na shanye shayina na tashi, saboda girman kai. Amma daga ranar, duk inda na yi fenti sai na bar maka wuri kamar faɗin yatsu uku a buɗe.

Magina ne suka raɗa maka sunan. Duk ɗan kwangilar da ya matsu ya ce a kunna masa wuta ya gani, amsarka ɗaya ce: sai an ɗaure. Tun suna kwaikwayonka a bayan ido har suka koma kiran ka da shi a gabanka, kai kuma ka amsa, har aka manta sunan da iyayenka suka sa maka. Ni ma ba ka bar ni haka ba. Wata rana wani mahaɗi nawa guda ɗaya tak ya ɗiga maka ruwa a ƙeya kana aiki a ƙarƙashinsa, shi ke nan na zama Yoyo. Na yi aikin da bai ɗiga ba a gidaje fiye da yadda zan iya tunawa, amma wannan ɗigon shi ka riƙe har ka koma ga Allah.

Yadda ka zama ɗan gidanmu ma, famfo ne sila. An sa wa Inna mahaifiyarmu injin jan ruwa zuwa tanki, bayan ɗan lokaci sai Auta ta fara ƙorafin cewa famfon tsakar gida yana tsunkulinta idan tana wanki. Ni na san abin ba na ruwa ba ne, na hana kowa taɓa shi, na ɗauko ka. Ka auna, fuskarka ta canza, ka je ka kashe wutar gidan gaba ɗaya kafin ka ce uffan. Injin ne ya fara zubar da wuta a jikinsa, wanda ya sa shi kuma bai haɗa masa wayar ƙasa ba. Ka ce wa Inna tsunkulin nan gargaɗi ne, kuma wuta ba kullum take gargaɗi ba. Ka gyara injin, ka kafa sandar jan ƙarfe a gindin katanga inda ƙasa ke da danshi, ka ɗaure bututun. Aikin wuni ɗaya ne, ni na sani, kai ma ka sani. Amma washegari sai ga ka, wai ka zo duba ƙafafun tanki. Jibi ka dawo saboda ƙarfen igiyar shanya. Gata kuma wai akwai wata ƙofa da ba ka yarda da ita ba. Auta, wadda shayi ma sai an roƙe ta take dafawa, ta koma tana tambayar ko mai wuta yana son sukari da yawa.

Inna tana zaune a kan tabarmarta tana kallon ikon Allah. Rannan bayan ka fita ta ce da ni, "Wannan abokin naka ya ɗaure famfo, ya ɗaure tanki, ya ɗaure ƙofa. Saura me?"

Na ce, "Inna, saura aure."

Haka kuwa aka yi. Ka girme ni da 'yan shekaru, amma tunda ka auri ƙanwata dole ka kira ni Yaya, sai ka haɗa biyun ka mai da ni Yaya Yoyo. A gaban Inna kana russunawa ka ce Yaya da ladabi, da mun fita ƙofar gida ka ƙarasa sauran.

Akwai abin da nake so 'ya'yanka su ji daga bakina, domin kai ba ka taɓa ba da labarinsa yadda ya faru ba. Lokacin Auta na da cikin 'yarku ta fari, wani ɗan kwangila ya ɗauke mu aikin ɗakunan kwanan ɗalibai mata a wata makaranta. Aiki ne babba, irin wanda ƙaramin ma'aikaci ke addu'ar samu, kuma mutumin ya yi mana alkawarin wasu gine-ginen a gaba. Akwai dogon layin bandakuna, kowane da hitar ruwan zafi, bututun duk na ƙarfe. Sai ka kwanta zazzaɓi na 'yan kwanaki. Kafin ka tashi, saboda ana sauri a miƙa ginin kafin ɗalibai su dawo hutu, an rufe bututun da siminti an manna tayil a kai, ba a jira ka ba. Na yi magana, aka ce in tsaya a kan ruwana. Da ka dawo ka ga bangon yana sheƙi, ka tsaya ka daɗe kana kallonsa.

Ɗan kwangilar ya ce ka kunna wuta. Ka ce sai an ɗaure. Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Ya ce ba zai fasa tayil ko ɗaya ba, gine-gine nawa ya yi ba tare da wannan wayar taka ba, kuma ba wanda ya mutu. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, 'ya'yan mutane ne za su shiga nan ba takalmi, jikinsu a jiƙe. Ni hannuna ba zai kunna ba." Ya ce to ka tattara kayanka, masu wuta ba su ƙare a duniya ba. Ka naɗe wayarka a kafaɗa ka fita. Na ɗauki akwatina na bi bayanka, ko da yake ni ma ina da bakunan da ke jira na a gida.

Na zaci maganar ta ƙare a nan. Ashe kai a wurinka korar ba ita ce damuwar ba. Damuwarka wani zai zo ya kunna. Washegari ka sa wankakkiyar riga ka tafi ofishin shugabar makarantar, ka ja ni. Muka zauna a benci a ƙofarta har ta gama da baƙinta. Mace ce mai natsuwa, ta cire tabarau ta saurare ka tun daga tudu har gangare ba ta katse ka ba. Ta yi maka tambayoyi masu kyau, har ta tambayi ko babu hanyar da za a bi ba tare da an rushe bangon duka ba. A nan ne nawa ya yi rana, domin ni na jera bututun, na san inda na ruwan zafi da na sanyi suke haɗuwa a bayan kowane bango, da inda suke fitowa a cikin silin. Na ce mata tayil kaɗan za a cire a kowane bandaki, sauran duk ta sama za a bi. Ta mayar da tabaranta ta ce ba za ta karɓi mabuɗin ginin ba sai an yi.

Ɗan kwangilar ya kira mu muka yi aikin, bai ce mana ko sannu ba. Daga nan bai sake ba mu aiki ba, ya kuma bi abokan sana'arsa yana gaya musu cewa mu masu kai ƙara ne. Manyan gine-gine suka rufe mana ƙofa. Na tuna ranar da muka je muka gaya wa Auta. Tana zaune da tsohon ciki tana tsintar shinkafa a faranti, ta dube ka ta dube ni, ta ce, "To, Allah Ya haɗa ni da masu taurin kai biyu, ɗaya na jini ɗaya na aure." Ta yi kwana biyu tana amsa maka magana da gyaɗa kai kawai. A na uku ta ciro 'yan kunnenta ta ajiye maka a kan akwatin kayan aikinka, ta ce ka je ka nemo babur ko tsoho ne, tunda gini ya ƙi ku sai ku bi gidaje.

Wannan shekarar ta babur, Sai-an-ɗaure! An ce shekarar wahala ce, kuma wahalar an sha ta. Amma yau idan na rufe ido, ita nake fara gani. Kai a gaba, naɗin koriyar waya a wuya kamar carbi, ni a baya na saɓa dogon bututu a kafaɗa, duk kwanar da za mu sha sai ka yi ihu in sunkuyar da shi kada mu kwashe wa wani rumfa. Baburin ba ya tashi sai an tura, kuma ni ne mai turawa, wai don ni ne Yaya, babba juji. Mu shiga wannan lungu mu gyara famfon da ke zuba, mu shiga wancan mu canza soket. Duk gidan da aka kira ni don ruwa, sai ka leƙa bayan hita ka ce a ba ka minti kaɗan. Duk gidan da aka kira ka don wuta, sai ka ce wa matar gidan ai famfonta ma yana kuka, ga Yaya nan. Da rana mu zauna a inuwar wata katanga mu raba burodi ɗaya, kana ba ni labarin yadda za mu buɗe shago mai allo da sunanmu. Ba mu taɓa buɗe shagon ba. A cikin shekarar aka haifi 'yarku, a kan baburin nan muka je asibiti ganin ta, hannuwanmu duk baƙin mai, ma'aikaciyar jinya ta kore mu mu je mu wanke kafin mu taɓa ta.

A shekarar ne kuma ka yi mini kyautar da ta fi kowace. Wata gajerar waya ce mai kauri, ka sa mata baki biyu masu haƙora irin na cajin batirin mota. Ka ce duk ranar da zan yanke bututun ƙarfe a tsohon gida, in fara maƙala baki ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan, sannan in sa zarto, don ban san abin da ke bi ta cikin ƙarfen ba, kuma idan na raba shi biyu na kama da hannu biyu, ni ne zan zama gadar. Na karɓa don kada ka ji haushi, na riƙa maƙalawa don na san za ka tambaya. Bayan wasu shekaru, a bayan wani gidan wanki, na yanke bututu na sa sabon mahaɗi, ban kai ga matse shi ba na miƙa hannu na cire bakin wayar ɗaya. Sai ga tartsatsi, fat, shuɗi, har da ƙauri. Na zauna a ƙasa daɓas. Da na kira ka na gaya maka, ba ka ce ai na faɗa maka ba. Cewa kawai ka yi, "Kada ka taɓa komai, ga ni nan." Ka iso ko takalminka ba ka ɗaure ba, ka kama hannuwana biyu kana jujjuya su kamar na jariri. Matan da ke wanki a wurin sun daɗe suna aiki a kan wannan haɗarin ba su sani ba. Ba ka bar gidan ba sai da ka gano inda wutar ke zuba ka gyara.

Ba zan ce ba ka da aibi ba, don ka tsani a yabi mutum da ƙarya. Kana da taurin kai. Bayanin da za a yi a numfashi ɗaya sai ka kai shi har shayi ya huce. Za ka iya ba mutum rigar jikinka, amma filayarka ko ni ba ka taɓa ara wa ba. Kuma ba a zuwa da kai baƙunci a huta: duk gidan da muka shiga, kafin ka wanke hannu sai ka fara taɓa kan famfon da bayan hannunka, sannan ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashi. Auta ta sha jan ka da riga a gidan mutane. Sau da yawa kuwa, bayan kwana biyu sai ka koma gidan da 'yar wayarka da maɗauri, ka yi abin da za ka yi, idan an yi maganar lada ka ce ai kun ba ni ruwa na sha. Tsohuwar nan mai sayar da ƙanƙara a bayan layinku, wadda injinan sanyinta ke jere a ɗaki mai danshi, ta zo gaisuwa jiya. Ta ce shekara da shekaru kana zuwa duba mata su duk farkon damina, ita ba ta taɓa kiran ka ba, kuma har yau ba ta san sunanka na gaskiya ba.

Zamani ya juya a kan idonmu. Bututun roba ya shigo, ya kori zarto da injin yanka zare da muka saba da su. Ni na yi murna, don bayana ya huta da ɗaukar ƙarfe. Kai kuwa ka ɗaure fuska kamar an yi maka kishiyar sana'a. Abin da ya fi ba ka tsoro shi ne mai famfo ya yanke tsakiyar tsohon bututun ƙarfe ya sa guntun roba, ya raba abin da ka haɗa, ya tafi abinsa. Ka sa na yi maka alkawarin duk inda na yi irin wannan gyaran zan kira ka, kuma ka bi sauran masu famfo ɗaya bayan ɗaya kana roƙon su haka, wasu su ji, wasu su yi maka dariya.

Sannan 'yar nan da muka je gani da baƙin mai a hannu ta girma, ta karanci aikin lantarki, ta zama mai duba gine-gine kafin a ba su wuta. Tun ranar da ta gama karatu ka daina kiran ta da sunanta, sai Injiniya. Na sha zama a falonku ina kallon ku kuna musu a kan ƙa'idojin aiki, Auta na cewa a bari a ci abinci tukuna. Wata rana ta ce maka a sabon tsari, idan ruwa ya shigo gida ta bututun roba, kuma an auna an tabbatar ƙarfen cikin gidan ba ya haɗe da ƙasa ta wata hanya, ba dole ba ne a ɗaure shi. Ka ce faufau, wannan maganar 'yan takarda ce. Ba ta ja da kai ba. Ta ɗauke ka zuwa wani sabon gida, ta ba ka na'urar awonta ka auna da hannunka, ta nuna maka sabon makashin nan da ke yanke wuta da kansa da zarar ta fara zuba. Ka dawo muka yi sallar la'asar. Sannan ka ce mata a gabana, "Injiniya, kin fi ni gaskiya a wannan. Amma inda duk ƙarfe ya fito daga ƙasa ya shiga gidan mutane, kada ki sa hannu sai kin ga wayar da idonki." Ta ce, "Baba, ai wannan har yanzu haka dokar take." Yadda fuskarka ta washe a ranar, kai ka ce kai ka rubuta dokar. Ban taɓa ganin dattijon da ya ji daɗin a kayar da shi a musu kamar kai a wannan yammacin ba.

Bara ne ciwon ya same ka, ɓarin jikinka na dama ya shanye, harshenka ya yi nauyi. Mutumin da ba ya gajiya da bayani ya koma sai ya yi ta kokawa kafin kalma ɗaya ta fito. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Ina zuwa in zauna kusa da gadonka in yi ta ba ka labarin wuraren aiki, in ƙara gishiri don ka yi dariya, kai kuma ka riƙa girgiza kai idan ka gane ƙarya nake yi. Makonni kaɗan kafin rasuwarka, ka yi ta nuna mini taga da hannun hagu. Auta ce ta gane: ƙarar injin kwaɓa siminti kake ji daga ginin da ake yi a ƙarshen layi. Na ɗora ka a keken marasa lafiya na tura ka har can. Ka lumshe ido kana shaƙar ƙanshin jiƙaƙƙen siminti da sabon katako. Ma'aikatan duk sababbin jini ne, ba wanda ya san mu, suna ta wuce mu da kwanon kankare a ka. Can sai wani tsohon kafinta ya leƙo daga saman rufi, ya kare ido da hannu, ya ƙwala kira: "Kai! Wa nake gani kamar Sai-an-ɗaure?" Ya sauko da sauri har yana tuntuɓe, ya durƙusa ya riƙe hannunka. Ka yi dariya da rabin fuska, hawaye na bin ɗaya gefen. Muka daɗe a wurin, mu uku, har rana ta yi zafi na mayar da kai gida. Fitarka ta ƙarshe ke nan da ƙafar keke. Ta gaba a kafaɗunmu ka yi ta.

Jama'ar da suka raka ka sun ba ni mamaki. Magina, kafintoci, masu fenti, masu walda, waɗanda ka koya wa aiki suka zama iyayen gidan kansu, da mutane da yawa da ban san fuskarsu ba. Kowa ka tambaya sai ya ce ai ya taɓa yi mana aiki a gida. Babu mai wani babban labari a kanka, domin gidajen da ka yi wa aiki ba abin da ya faru a cikinsu: yara sun yi wanka sun fito, mata sun yi wanki sun shanya, tsofaffi sun yi alwala sun tafi masallaci. Allah ne mai tsarewa, amma Ya kan sa tsarewarSa a hannun wani bawa, kuma na shaida Ya sa ta a naka.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo gare Ka. Mun san shi da tsayar da salla, da riƙon amana, da tsoron kada ran wani ya salwanta ta dalilinsa. Abin da muka sani kaɗan ne, Kai ne Masanin sauran. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yafe masa abin da ke tsakaninsa da Kai, Ka sa waɗanda ya saɓa wa su yafe masa. Ka sa jinyar da ya sha ta zama kankarar zunubi. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanyaya masa makwanci. Ka sa duk ran da ya kuɓuta ta hanyar aikin hannunsa ya zama nauyi a mizaninsa, Ka haɗa shi da Inna da sauran magabatanmu a gidan Aljanna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Injiniya da ƙannenta, da jikokinsa, da 'yan uwansa na jini, da dukkan abokan sana'a. Injiniya, mahaifinki bai bar muku gidaje ba, amma babu wurin ginin da za ki shiga ki faɗi 'yar wane ce ke a rufe miki ƙofa. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe junanku.

Ke kuma Auta, ƙanwata, ban san da wane baki zan yi miki gaisuwa ba, don ni ma ita nake nema. Kin yi jinyarsa ba ki taɓa ɗaga masa murya ba, kin juya shi, kin wanke shi, kin zama harshensa lokacin da nasa ya gaza. Allah Ya saka miki, Ya ba ki haƙurin da ya fi wanda kika nuna. Ƙofata a buɗe take, kuma muddin ina numfashi ba za ki nemi ɗan uwa ki rasa ba.

Allah Ya jiƙan ka, abokina. Allah Ya sa ka huta. Mu kuma da muka rage, Allah Ya kyautata namu zuwan.